Na auna turjiyar ƙwan fitila, amma lissafi da mita sun saɓa: ina kuskuren yake?

Ɗan Koyon Wayarin ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da malamaina da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗan koyo ne a shagon wani mai aikin wayarin gidaje, shekarata ta biyu ke nan, kuma da dare nakan duba littattafan fiziks na sakandare domin in fahimci dalilin abin da hannuna ke yi da rana. Na haddace cewa idan aka raba boltej da kwararar wuta ana samun turjiya, wato R = V ÷ I, kuma idan aka ninka boltej da kwararar wuta ana samun wat ɗin da kaya ke ci, wato P = V × I. Da na gwada su a kan kayan shago sai abu biyu suka ɗaure mini kai.

Na farko, na ɗauki dutsen guga wanda aka rubuta wat 1,000 da bolt 230 a jikinsa. Ranar wutar layinmu tana bolt 205, mitar da ake maƙalawa a waya kuma ta nuna amfiya 3.9. Na raba 205 da 3.9 na sami kusan om 52.6, da na zare dutsen daga soket na auna shi da maltimita, wato mitar hannu mai auna bolt da amfiya da om, sai na ga abin da ke kusa da om 52, na yi murna. Daga nan na ɗauki tsohon ƙwan fitila mai zare, na wat 60. A lissafi, 60 ÷ 230 ya ba ni amfiya 0.26, turjiyarsa kuma ta kama wajen om 880. Amma da na ɗora masa maltimita sai ta nuna om 62 kacal. Na canza batirin mitar, na aro ta maigidana, amsar ba ta canza ba.

Na biyu, a littafi na ga P = I² × R, wadda ke nuna cewa idan turjiya ta ƙaru wat ma ƙaruwa yake yi, a shafi ɗaya kuma na ga P = V² ÷ R, wadda ke nuna cewa idan turjiya ta ƙaru wat raguwa yake yi. Ta yaya za a ce dukansu gaskiya ne? Ina neman a warware mini, Allah ya saka da alheri.

Malamin Fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, mitarka lafiyarta ƙalau, lissafinka ma daidai ne, kuma tambayarka ta nuna cewa kana auna abu da hannunka kafin ka yarda da shi, wanda shi ne abin da nake fatan gani a wurin ɗalibaina.

Bari in fara da kalmomi, domin a maganar yau da kullum mun haɗe abubuwa uku a cikin kalmar "ƙarfin wuta". Idan fitila ta dushe sai a ce wuta ba ƙarfi, ko a ce an kawo "lo karan", alhali abin da ya faɗi a layi boltej ne. Boltej shi ne matsin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt, sunan da aka ɗauko daga Alessandro Volta na Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800. Kwararar wuta ita ce yawan wutar da ke ratsa waya a kowace daƙiƙa, ana auna ta da amfiya. Turjiya ita ce tirjewar da waya ko kaya ke yi wa wannan kwarara, ana auna ta da om, sunan Georg Ohm, malamin makaranta Bajamushe da ya wallafa ƙa'idar R = V ÷ I a 1827. Wat kuwa shi ne saurin da kaya ke juya wutar zuwa zafi ko haske ko motsi.

Abin da akan manta a gaya wa ɗalibi shi ne, rabon V da I yana ba ka turjiyar abu a daidai lokacin da ka auna shi, kuma a daidai zafin da yake ciki a lokacin. Turjiya ba lamba ba ce da aka buga wa kaya hatimi har abada. Ƙarfe idan ya yi zafi turjiyarsa hawa take yi, sai dai wani ƙarfen ya fi wani. Wayar da ke cikin dutsen guga da hitar ruwa an yi ta ne da haɗin nikel da kuromiyam, kuma an zaɓe ta ne saboda turjiyarta ba ta canzawa sosai ko da ta yi jajawur. Shi ya sa om 52 na sanyi da om 52.6 na aiki suka zo kusa da juna. Zaren ƙwan fitila kuwa na tangistin ne, yana aiki a zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, kuma a wannan zafin turjiyarsa takan ninka ta sanyi sau goma zuwa goma sha biyar. Raba 880 da 62 ka gani, za ka sami wajen 14. Maltimita tana tura 'yar wuta ƙanƙanuwa ce daga batirinta, wadda ba ta isa ta ɗumama zaren ba, don haka turjiyar ƙwai mai sanyi ta gaya maka, lissafinka kuma ya gaya maka ta ƙwai mai ci.

Wannan yana da sakamako da kowa ya taɓa gani. A ƙiftawar idon da aka danna makunni, zaren yana da sanyi, don haka wutar da ke shigarsa takan kai wajen 230 ÷ 62, kusan amfiya 3.7, kafin ya yi zafi ta sauko zuwa 0.26. Wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi ƙonewa a lokacin kunnawa, ba bayan sun daɗe suna ci ba.

Tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci a wurina. Ƙa'idojin biyu ba sa jayayya, domin dukansu daga P = V × I aka fitar da su: idan ka cire V ka sa I × R a gurbinsa ka sami ta farko, idan ka cire I ka sa V ÷ R ka sami ta biyu. Inda ka ruɗe shi ne da ka ce "idan turjiya ta ƙaru" ba ka tambayi kanka abin da ya tsaya bai canza ba. Ba zai yiwu ka ƙara turjiya sannan boltej da kwarara su zauna yadda suke gaba ɗaya ba, dole ɗaya ya motsa.

Ɗauki batir mai bolt 12 da turjiya biyu, ɗaya om 10, ɗaya om 20. Idan ka haɗa kowace kai tsaye da batirin, kafaɗa da kafaɗa kamar yadda ake jera kayan gida a kan layi, kowace tana samun bolt 12 cif. Ta om 10 za ta ci 144 ÷ 10, wato wat 14.4, ta om 20 kuma wat 7.2. A nan mai ƙaramar turjiya ce ta fi ci. Idan kuwa ka jera su ɗaya bayan ɗaya a hanya guda, jimillarsu om 30 ce, wutar da ke ratsa su duka amfiya 0.4 ce, sai ta om 10 ta ci 0.16 × 10, wato wat 1.6, ta om 20 ta ci wat 3.2. Yanzu mai babbar turjiya ce ta fi zafi. Idan kana so ka gwada da ƙa'idar V² ÷ R a wannan jeri na biyu za ka iya, amma da sharaɗin ka yi amfani da boltej ɗin da ke kan kowace turjiya ita kaɗai, wato bolt 4 da bolt 8, ba bolt 12 na batir ba. 16 ÷ 10 ya ba ka 1.6, 64 ÷ 20 ya ba ka 3.2, amsa ta dawo ɗaya. Mafi yawan kuskuren da nake gani a takardun jarrabawa daga nan yake fitowa: ɗalibi ya ɗauki boltej ɗin wani wuri ya haɗa da turjiyar wani wuri.

Ka kuma lura da dutsen gugarka. Ranar da ka auna shi ba wat 1,000 yake ci ba, 205 × 3.9 yake ci, kusan wat 800. Boltej ya ragu da kashi 11 cikin 100 kawai, amma zafi ya ragu da kashi 20, saboda a ƙa'idar ana ninka boltej da kansa. Da layin zai faɗi zuwa bolt 180, da wat 612 kawai za ka samu.

Mai Haɗa Sola ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayani ya fita. Ni zan ƙara ne daga inda nake cin abinci, domin a aikin sola ƙa'idar I² × R ba maganar allo ba ce, ita ke narka waya.

Ƙanena, ka sani cewa wayar da ke kai wuta ga kaya ita ma turjiya ce, kuma tana jere ne a hanya guda da kayan, irin jeri na biyu da Malam ya kwatanta. Duk wutar da kaya zai sha sai ta bi ta cikinta. Idan inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta layi, zai ba da wat 1,000 daga batir mai bolt 12, zai ja fiye da amfiya 83, tun ba a lissafa asarar da shi kansa inbatan ke yi ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 10 murabba'i tana da turjiyar kusan om 0.0018 a kowace mita. Idan tsakanin batir da inbata mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, jimilla om 0.011. Lambar kamar ba komai ba ce, amma ka ninka 83 da 83 ka sami 6,889, ka ninka da 0.011, za ka ga wajen wat 76 na ƙonewa a cikin wayar kawai, kuma kusan bolt ɗaya ya salwanta kafin wuta ta iso inbata. Wannan ne ya sa inbata ke kukan batir ya yi ƙasa alhali batir a cike yake. Idan aka mayar da tsarin bolt 48, wat 1,000 ɗin nan amfiya 21 kawai zai ja, asarar wannan wayar kuma ta sauko ƙasa da wat 5. Kwarara ta ragu sau huɗu, asara ta ragu sau goma sha shida.

An taɓa kira na wani shagon sayar da kayan sanyi inda kan batir ya yi baƙi, robar waya ta narke, mai shagon yana zargin batirin jabu ne. Da na duba, noti ne ba a ɗaure shi tamau ba, tsatsa kuma ta shiga tsakani. Haɗin da bai kama ba idan ya ƙara om 0.01 kawai, a amfiya 83 zai fitar da zafin kusan wat 69 a wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Na kankare, na canza kan wayar, na ɗaure, zafi ya tafi. Tun daga ranar duk aikin da na gama sai na kunna kaya na ɗan lokaci, in bi kowane haɗi in tabbatar babu mai ɗumi.

A kula kuma da wayar da ake sayarwa mai jan ƙarfe a waje, alminiyam a ciki. Turjiyar alminiyam ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau 1.6 a kauri ɗaya, don haka duk lissafin da ka yi da lambar jan ƙarfe ya tashi a banza. Ka kankari bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana ka san abin da ke hannunka.

Wannan dalilin dai shi ya sa manyan layukan da ke ɗauko wuta daga Kainji da Jebba da Shiroro suke kan bolt 330,000, wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai kuma yake kan 132,000. Ana ɗaga boltej ne domin kwarara ta yi ƙasa, sai an iso gari taransifoma ta sauke shi mataki-mataki zuwa abin da ke shiga gidajenmu.

Injiniyar Lantarki ta amsa:

Ina yi wa Malam da Mai Haɗa Sola barka da ƙoƙari. Akwai iyaka guda da ya kamata ɗan'uwanmu ya sani kafin ya ɗauki waɗannan ƙa'idoji zuwa kan fanka da firji da injin jan ruwa, domin a can za su sake ba shi mamaki.

Wutar batir hanya ɗaya take bi, amma wutar layi a Najeriya da Nijar juyawa take yi, tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Bolt 230 da mita ke nunawa wani matsakaici ne da aka tsara domin ya yi daidai da zafin da wutar batir mai bolt 230 za ta haifar, ƙololuwarta kuwa tana kaiwa wajen bolt 325. Saboda haka a kan kayan zafi zalla, irin su dutsen guga da hita da ƙwai mai zare, P = V × I tana aiki yadda take. Amma duk abin da ke da naɗin waya da maganaɗisu a cikinsa, kwararar wutarsa tana ɗan jinkirta wa boltej, ba sa hawa da sauka tare. Idan ka auna injin jan ruwa ka sami bolt 220 da amfiya 5, ninkinsu 1,100 ne, amma wannan ana kiransa bolt-amfiya ne, ba wat ba. Domin samun wat na haƙiƙa sai ka sake ninkawa da wata lamba da ba ta wuce ɗaya ba, wadda galibi ake rubuta ta a farantin jikin injin da alamar cos φ. Idan 0.8 ce, injin yana cin wat 880, amma waya da fis da janareta dole su ɗauki amfiya 5 ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa babban janareta da aka rubuta masa kVA 20, wato bolt-amfiya dubu 20, za ka ga an rubuta kW 16, wato wat dubu 16, a gefensa.

Haka nan idan ka raba 220 da 5 ka sami 44, kada ka zaci za ka ga om 44 idan ka ɗora maltimita a kan naɗin injin. Abin da za ka gani ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, domin yawancin tirjewar da injin ke yi wa wuta daga maganaɗisu da juyawarsa take fitowa, ba daga wayar kanta ba. Kuma ina so in ja hankali game da faɗuwar boltej: dutsen guga idan wuta ta yi ƙasa rage ci yake yi, ba abin da zai same shi, amma injin da ke ɗauke da nauyi yakan ƙara jan amfiya domin ya ci gaba da juyawa, naɗinsa ya yi zafi, kuma ta nan kwamfiresan firji da yawa suke ƙonewa. Ƙwan LED da cazar waya su ma suna da na'ura a cikinsu da ke daidaita wuta, auna om ɗinsu da maltimita ba zai gaya maka komai mai amfani ba.

Game da tsaro, ba a auna om a kan abin da ke jone da wuta, sai an zare shi. Kuma kada ka taɓa sa maltimita a ma'aunin amfiya ka tura bakinta biyu cikin soket, domin a wannan yanayin turjiyarta kusan sifiri ce, tamkar ka haɗa wayoyin biyu da hannunka ne. Idan kana son auna ƙaramar kwarara irin ta ƙwan fitila da mitar maƙalawa, ka zagaya waya ɗaya mai rufi sau goma ta cikin bakinta, ka raba abin da ta nuna da goma.

Ɗan Koyon Wayarin ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Na yi yadda Injiniya ta ce a gaban maigidana. Yau layi yana bolt 210, na zagaya waya sau goma, mita ta nuna amfiya 2.5, wato 0.25. Turjiyar ƙwan a lokacin da yake ci ta zama om 840, wat kuma 52.5. Hankalina ya kwanta, sai dai na lura 840 ba ta kai 880 ba.

Ina da ƙaramar tambaya ta ƙarshe. Ina so in sa ɗan ƙaramin jan ƙwan LED na alama a kan batir mai bolt 12, an ce mini miliamfiya 20 yake buƙata. Na raba 12 da 0.02 na sami om 600. Ita ce turjiyar da zan saya?

Malamin Fiziks ya sake amsawa:

Bambancin 840 da 880 shi ma zafi ne. A bolt 210 zaren bai kai zafin da yake kaiwa a bolt 230 ba, don haka turjiyarsa ta ɗan yi ƙasa. Da a ce ta tsaya a 880, da wat 50 zai ci, amma ka auna 52.5, kuma awonka ne ya fi kusa da gaskiya, in aka yi la'akari da ɗan kuskuren da kowace mita ke da shi.

A tambayar LED ka yi daidai da ka mayar da miliamfiya 20 zuwa amfiya 0.02 kafin ka raba, da yawa a nan suke zamewa. Amma ka sake duba boltej ɗin da ka ɗauka. Jan ƙwan da turjiyar suna jere a hanya guda, shi ƙwan yana riƙe kusan bolt 2 a kansa, saura bolt 10 ne ke kan turjiyar. Saboda haka 10 ÷ 0.02, om 500 ke nan. Om 600 ɗinka ba za ta ɓata komai ba, hasken ne kawai zai ɗan ragu, sai dai ba lamba ce da aka saba samu a kasuwa ba. Ka nemi ta om 560, za ta ba ka wajen miliamfiya 18. Zafin da za ta ɗauka shi ne 100 ÷ 560, kusan wat 0.18, kuma da yake batir idan yana kan caji yakan haura bolt 14, inda zafin zai wuce rubu'in wat, ka sayi mai ɗaukar rabin wat, ka bar ta rubu'i. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa ɓangaren da ke da alamar tarawa a batir.